Orlando da yara uku da Hajiya: tsallake layin Disney ko na Universal?

Maman Sadiq
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka je da ƙafarsu. In Allah ya yarda za mu Orlando ta jihar Florida, wuraren wasan Disney da Universal, a satin ƙarshe na Disamba, lokacin ne kaɗai ni da Baban Sadiq muka samu hutu tare. Mu shida ne daga Houston: mu biyu, yara uku (shekara 11, 7 da 4), sai Hajiyarsa da ke zaune da mu, ita kuma gwiwa ba ta barinta doguwar tsayuwa. Kwana biyu Disney, kwana biyu Universal. Tikitin shiga mun saya, gida mun kama a Kissimmee, kusa da Orlando. Abin da ya rage ba zai isa mu sayi na tsallake layi a duka biyun ba, ɗaya za mu ɗauka. Lightning Lane na Disney ko Express na Universal? Don Allah wanda ya yi amfani da su ya faɗa min yadda ta kaya.

Alhajin Deira
Wa alaikumus salam. Hajiya me ya kai ku Orlando? Ku zo Dubai. IMG Worlds duk a rufe yake, ga sanyin AC, ga masallaci, abinci ba sai ka tambaya ba. Ku tsallaka Abu Dhabi ga Ferrari World, lilonsu Formula Rossa yana gudun kilomita 240 a awa. Yaran ba za su manta ba.

Maman Sadiq
Alhaji na gode, amma na ce mun riga mun sayi tikiti.

Ummu Haidar
Yaya kada ki kashe ko sisi. Disney kyauta suke ba da shi. Kwana 30 kafin zuwa kike shiga manhaja ki zaɓi guda uku, in kuma a otal ɗinsu kike kwana 60. Haka muka yi, ba mu tsaya layin kirki ba.

Dokta Atlanta
Ummu Haidar yaushe rabonki da wurin? FastPass+ kike nufi, kuma tun rufewar korona a 2020 bai dawo ba. A Oktoban 2021 suka kawo Genie+ na kuɗi, aka fara da dala 15, a Yulin 2024 kuma suka sake masa fasali ya zama Lightning Lane Multi Pass. Maman Sadiq ga yadda yake yanzu. Multi Pass kina saye na wuni ɗaya ga kowane mutum, ki kama lilo uku tun kafin ranar, kowanne a ba ki tazarar awa ɗaya da za ki je. Da zarar kin shiga na farko sai ki ƙara kama wani. A wuraren Disney uku, Magic Kingdom, EPCOT da Hollywood Studios, ba za ki kwashi manya uku lokaci guda ba, ɗaya za ki ɗauka daga rukunin farko, biyu daga na ƙasa. Manyan da kowa ke rububi kuma, irin su TRON da Seven Dwarfs Mine Train da Rise of the Resistance da Flight of Passage, ba sa ciki. Su Single Pass ne, kowanne da kuɗinsa daban. Tunda gidan haya kuka kama, kwana uku kafin ranar za a buɗe miki, alhali na otal ɗin Disney tun kwana bakwai kafin zuwansu ake buɗe musu. Ƙarfe bakwai na safe agogon Florida ake buɗewa, shida ke nan a Houston. Kina sallame Asuba ki ɗauki waya.

Ummu Haidar
To ni dai abin da na gani na faɗa. 2019 muka je.

Baban Ilham
Maman Sadiq, kafin ki ba kowa kuɗinki ki ji nawa. Ni wani ɗan garinmu ne, mai haɗa wa mutane tafiya ta WhatsApp, ya ce ya samo mana otal na Universal, kuma duk wanda ya kwana a otal ɗinsu Express kyauta ne, hau iya hawanka. Na tambaye shi ya tabbata? Ya ce Alhaji ni fa sana'ata ce. Na tura kuɗi. Muka sauka cikin watan Yuli, zafi da gumi kamar me. Da safe na je wurin masu karɓar baƙi na ce a ba mu katin Express. Yarinyar ta duba, ta ce wannan otal ba ya ciki, abin da muke da shi shiga da wuri ne kawai. Ashe guda uku ne ke ba da shi: Portofino Bay, Hard Rock da Royal Pacific. Namu na Universal ne da gaske, bai yi ƙarya a nan ba, amma na masu sauƙin kuɗi ne. Na kira shi bai ɗaga ba. Na tura saƙo, alamar shuɗi ta fito, shiru. Ga yara na riga na cika musu baki tun daga gida cewa mu ba ma bin layi. Ilham tana ganin masu Express suna wucewa ta gefe tana cewa Abba ba ka ce mu ma haka za mu yi ba? Wallahi wannan tambayar ta fi kuɗin ciwo. Da azahar na kasa jurewa na je na saya a ƙofa, mu huɗu, kuɗin ya kusa kamo na shiga. Ba mu hau uku ba hadari ya haɗo, aka fara walƙiya, suka rufe duk lilon da ke waje, kuma haka dokarsu take ba laifinsu ba ne. Muka rakuɓe a shagon tsaraba, uwargida ko kallona ba ta yi. Mutumin nan sai bayan mun dawo ya kira, wai "a yi haƙuri, tsarin ne suka canza". Ba abin da suka canza, na bincika.

Anti Rabi
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Baban Ilham. Ka kai shi wurin manyan unguwa mana.

Baban Ilham
Anti, ƙanin matar yayana ne. Kin ga inda gizo ke saƙar. In na matsa a ce na ɓata zumunci a kan lilo.

Ɗan Kantin Kwari
Lilo dai? Wanda muke hawa da Sallah a bakin gidan zu? Allah ya kai mu matsayin da za a cuce mu a Orlando.

Zongo Bronx
Dabarar otal ɗin nan gaskiya ce in ka kama wanda ya dace. Mu Royal Pacific muka kama dare ɗaya, kuma katin yana aiki ranar shiga da ranar fita, kwana biyu ke nan da kuɗin dare ɗaya. Da sassafe muka je muka karɓi kati tun ɗaki bai zama shirye ba. Kuma shi Express ba ruwanka da waya, ba ruwanka da agogo. Ka ga lilo, ka nuna kati, ka shiga. A Disney kuwa wuni na yi kaina a sunkuye ina neman lokaci, caji ya ƙare kafin La'asar. Maman Sadiq ki yi lissafin wannan.

Dokta Atlanta
Su shida ne Alhaji. Ɗakin mutum biyar yake ɗauka, sai sun kama biyu, a satin da otal ya fi tsada a shekara. Kuma katin otal ɗin na tsofaffin wuraren biyu ne, Universal Studios da Islands of Adventure. Sabon wurinsu Epic Universe da aka buɗe a Mayun 2025 ba ya ciki.

Maman Sadiq
To nawa-nawa ne abin a zahiri? Kowa ya faɗi abin da ya biya don Allah.

Zainab MD
Multi Pass dala 27 kowane mutum muka biya a Magic Kingdom.

Hafsat Dallas
27 ina? 39 muka biya, ga haraji a kai.

Zainab MD
Ina da rasit fa.

Hafsat Dallas
Ni ma ina da shi. Wane wata kika je?

Zainab MD
Satumba, bayan an koma makaranta.

Hafsat Dallas
Shi ya sa. Mu satin Kirsimeti muka je, satin da ita za ta. Farashin yana bin rana ne da kuma wurin, Animal Kingdom ya fi Magic Kingdom sauƙi. Ki ɗora kuɗin Single Pass in kuna son TRON, ki ɗora na ajiye mota, mu dala 30 muka biya kullum.

Zongo Bronx
Express kuma wani abokin aikina ya saya ɗari da 'yan kai.

Baban Ilham
Ɗari da 'yan kai? A mafarki? Ni na san abin da ya fita daga katina a ƙofar nan, kuma nawa ma mai hawa sau ɗaya ne, ba marar iyaka ba.

Injiniya Sani K
Duk ku bar wahala. Premier Pass za ki saya a Disney, ba kama lokaci, kowane lilo sau ɗaya duk sanda kika ga dama. Shi ne daidai da Express.

Hafsat Dallas
Injiniya ka san kuɗinsa? Da suka fito da shi a 2024 daga dala 129 ya fara har 449, mutum ɗaya, wuni ɗaya, wuri ɗaya, ban da tikitin shiga. Baiwar Allah ta ce kuɗinta ya ƙare. Kai ka taɓa zuwa ma?

Injiniya Sani K
Sai na je zan san abu? Na kalli bidiyon masu zuwa kullum, sun fi wanda ya je sau ɗaya ya dawo yana ba da fatawa.

Ummu Haidar
Ni da na je an ce nawa ya tsufa, wanda bai je ba kuma yana da bakin magana. To.

Dokta Atlanta
Ba raini ba ne Ummu Haidar, tsarin ne ya canza sau biyu bayan zuwanki. Maman Sadiq, abin da kowa ya tsallake shi ne tsawon yaranki. Ki auna su da takalmi yau ɗin nan. A manyan lilon Universal, VelociCoaster inci 51 yake nema, Hulk 54, na Hagrid 48. Autarki ba za ta hau ko ɗaya ba, mai shekara 7 ma sai an gwada. Ke nan a Universal za ki saya wa mutum shida kati mai tsada don mutum uku su more. A Magic Kingdom kuwa Peter Pan, Jungle Cruise, Winnie the Pooh, duk ba ruwansu da tsawo, har Hajiya za ta zauna a ciki, kuma su ne layinsu ke cinye rana a Disamba. Ni a wurinki Multi Pass zan saya ranar Magic Kingdom. Universal ku isa ƙofa kafin a buɗe, Sadiq da babansa su bi layin mai hawa shi kaɗai inda akwai, ku kuma ku yi musayar riƙon yaro, ɗaya ya riƙe ƙaramar ɗaya ya hau, sannan a sauya ba tare da sake bin layi ba, duka wuraren biyu suna da wannan tsarin kyauta. Hajiya ku karɓar mata keken turawa a ƙofa, dala 12 ne a Disney. Ba zai sa ku tsallake layi ba, amma tana zaune.

Maman Sadiq
Dokta Allah ya saka da alheri. Sai dai Hajiya ta rantse ba mai tura ta a keke tana da ranta da lafiyarta.

Anti Rabi
Haka tawa ta ce. Kafin azahar da kanta ta nema.

Ɗan Maraɗi
Mu nan Faransa Disneyland Paris muna da Premier Access, kana iya sayen na lilo guda ko na duka. Ɗiyana guda ɗaya tak suka nace wa, shi na saya musu, sauran muka bi layi. Wanga shi ne sauƙi ga talaka.

Malam Abu Sumayya
Ni tambayata daban ce. Mutane sun tsaya awa biyu a rana da 'ya'yansu, kai ka zo ka wuce su don ka fi su kuɗi. Zuciyarku tana natsuwa da wannan? Ban ce haramun ne ba, tambaya nake.

Ɗan Kantin Kwari
Malam ai bumburutu ne mai rasit. Masu layin gidan mai suna kallo, kai ka tsaya bakin titi an ɗura maka a galan ka wuce.

Zongo Bronx
Ba ɗaya ba ne. Mai wuri ne ya buɗe ƙofa biyu ya rubuta farashi, kowa ya gani kafin ya shiga. Ba wanda aka ba na goro a ɓoye.

Malam Abu Sumayya
Amma duk mutum ɗaya da ya bi ta ƙofar kuɗi, na layin talakawa ya ƙara jira. Kujerun lilon ba ƙaruwa suka yi ba. Da can a Disney takardar tsallake layi ake ba kowa kyauta tun 1999, wanda ya riga zuwa ya samu.

Baban Ilham
Malam ni na tsaya a layin biyu a wuni ɗaya. Da ina na talakawa na tsine wa masu wucewa, da na sayi kati ban waiwaya ba.

Hafsat Dallas
Maman Sadiq ko me kika saya, shawarata ɗaya: kada ki sa hoto a status. Mu muna dawowa saƙo ya fara shigowa daga gida. Kuɗin makaranta, kuɗin haya, bikin 'yar wance. Na ce ba hali yanzu, aka ce ai mun gan ku da hular kunnen ɓeran Disney a ka.

Zainab MD
Wallahi! Ba wanda ya ga dare nawa na yi ina aiki a tsaye kafin na tara. Ɗan yayata har lissafi ya yi min da naira, ya ce kuɗin tikitinmu ya isa ya sayi Keke Napep.

Ɗan Kantin Kwari
To ƙarya ya yi? Ku dai ku riƙa tunawa da mu. Ni ko hular ɓeran a aiko min na gode.

Anti Rabi
Ku yi a hankali, su ma suna da hakki a kanku. Wanda bai ci ya ƙoshi ba in ya ga ana lilo da dala dole ransa ya sosu.

Zainab MD
Anti duk wata ina turawa, ko Sallah ban taɓa tsallakewa ba. Yarana fa? Su ba su da hakki? A nan aka haife su, duk 'yan ajinsu sun je, kullum sai na ce baɗi.

Baban Ilham
Ni kuwa hoton ne ya ƙara min baƙin ciki. Mutumin nan da ya cuce ni shi ya fara danna min alamar so, har da rubuta "Alhaji an sha hutu". Kuma jiya na ji wai ya haɗa wa wasu tafiyar Umara.

Anti Rabi
Umara kuma? Baban Ilham turo min sunansa ta gefe, ƙanwata na cikin masu shirin tafiya.