Neman kalma: me za mu kira abin da ya sauko bayan gwajin Béryl a duwatsun Hoggar?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, a agaza mini kafin azahar ɗin gobe, lokacin za a ɗauki shirin. Rahoto ne kan gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ta yi a asirce cikin dutsen Taourirt Tan Afella, a duwatsun Hoggar na kudancin Aljeriya, ranar 1 ga Mayun 1962, wanda suka raɗa wa suna Béryl. Kalmar da ta tsaya mini ita ce "fallout", da Faransanci "retombées". Na sa "tururin nukiliya" don shi kunne ya saba ji, sai jimla ɗaya ta ƙi zama: an ce abin ya sauka a jikin mutane har sai da aka yi musu wanka. Ai tururi ba ya kwanciya a jiki a wanke shi. Me zan sa?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Hajiya, kunnenki ya gaya miki gaskiya, abu biyu ne ake haɗawa a kalma ɗaya. Na farko shi ne abin da ke fitowa daga sinadarin ya ratsa jiki, ba a ganinsa, ba a jin ƙamshinsa. Wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti irinsa ne ya ratsa shi, kuma ba ya fita da komai a rigarsa. Na biyu shi ne sinadarin kansa, ƙasa da garin dutse da ragowar bam ɗin, waɗanda fashewar ta ɗaga sama, iska ta kwashe, suka dawo ƙasa suna ci gaba da fitar da na farkon. Wannan na biyun shi ne kalmarki. Yana maƙalewa a gashi da tufafi, a shaƙe shi, a ci shi a abinci. Shi ya sa ake wanka, kuma cire tufafin waje kaɗai yana kawar da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya hau mutum. Ni "ƙurar nukiliya" zan ce.

Ɗan Agadas: Na goyi bayan Malam, amma a kula da yadda Béryl ya faru, don ba ƙura kaɗai ta fito ba. Wurin yana kusa da In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset. Dutsen mai tauri ne ƙwarai, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Sun haƙa rami a kwance ya shiga cikinsa, ƙarshen ramin ya murɗe kamar katantanwa, aka ajiye bam ɗin a can ƙurya. Dabarar ita ce ƙarfin fashewar ya bi ta cikin dutse ya rushe ramin, ya toshe hanya, kafin abin da ke ciki ya zagayo murɗin ya iso baki. Ga kuma toshiyar kankare da ƙofofin ƙarfe. A ranar ramin bai rufe a kan kari ba, abin ya ɓalle toshiyar. Narkakken dutse ya kwararo ya daskare a bakin ramin, gajimare kuma ya tashi, iska ta karkato da shi kan masu kallo, ciki har da ministoci 2, Pierre Messmer na soja da Gaston Palewski na binciken kimiyya. Sojoji 9 da aka bari a wani wurin gadi su suka fi kwasar abin. To daskararren dutsen nan ba za a kira shi ƙura ba. Hajiya, in kin zo kansa ki ce "narkakken dutse mai guba", ki ajiye ƙura ga abin da gajimaren ya zubar.

Mai Nahawu: Allah ya gafarta malamai, duk kuna ta kewaye ne. "Ƙurar nukiliya" bayani ne, ba suna ba, kuma rabinsa aro. Hausa tana da ƙirar da ke ɗaukar aiki ta mayar da shi suna da "-au": mantau, makarau, gagarau, sanƙarau. Abin nan aikinsa saukowa. Ku ce saukau. Gaɓa biyu, ba baƙon harafi, yaro ma zai riƙe. "Saukau ya gurɓata rijiyoyi." Ku ji yadda ya zauna.

Bakatsine: Ranka ya daɗe, mantau da makarau da gagarau duk mutane ne masu wani hali. In na ji saukau, baƙon da ya cika sauka a gidan mutane zan zata. A rediyo kuma "sauko" za a ji.

Mai Nahawu: Sanƙarau mutum ne? Ciwo ne, an sa masa suna da abin da yake yi wa wuya. Ƙirar ta karɓi abin da ba mutum ba tun kafin a haife mu.

Bakatsine: Na ba ka sanƙarau. Amma shi mai ji ya san wuya ke sanƙarewa, sunan ya faɗi illar. Saukau bai faɗi komai ba, ruwan sama ma saukowa yake yi, haka fari. In ƙirƙira za a yi, gara "toka". A gwajin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini na tekun Pasifik ranar 1 ga Maris 1954, farin gari ne ya yi ta zuba a tsibirin Rongelap da kan wani jirgin masunta na Japan, Japanawa kuma suka kira shi tokar mutuwa. "Tokar nukiliya" ta fi ƙura nauyi a kunne. Ƙura kullum muna cikinta, ba mai tsoronta.

Malamin Kimiyya: Toka tana da kyau ga Bikini, don can murjanin teku ne ya ƙone ya zama farin gari, ana ganinsa. Matsalarta ita ce Bahaushe ya san toka abin da wuta ta gama da shi ne, ya mutu. Wannan kuwa bai gama ba. Ga lissafin sinadaran da ke cikinsa. Aidin-131 ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 8, amma kafin nan yana sauka a ciyawa, dabba ta ci, ya fito a nono, ya taru a ƙullutun wuyan nan da in ya kumbura ake cewa maƙoƙo, kuma yara ya fi yi wa illa. Siziyom-137 sai ya shekara 30 kafin ya ragu da rabi. Sitoronshiyom-90 kusan shekara 29, jiki yana ɗaukarsa kamar sinadarin gina ƙashi ya ajiye shi a ƙashi. Fulutoniyom-239 kuwa shekara dubu 24 da ɗoriya. A sa'o'in farko ƙarfin abin yana raguwa da sauri: duk lokacin da sa'o'i suka ninka sau 7, ƙarfin yana komawa kashi 1 cikin 10, wato bayan sa'a 7 ya zama 1 cikin 10, bayan sa'a 49 ya zama 1 cikin 100. Shi ya sa ake cewa a shige ɗaki a rufe na kwana 2 na farko. Kuma sabo da ƙura da Malam Bakatsine ya kawo, ni amfani na gani a ciki. Mai sauraro ya san ƙura tana tafiya nesa da iska, tana shiga ta kafar taga, tana kwanciya a bakin randa, ana toshe hanci saboda ita, ana kakkaɓe ta. Duk abin da ake so ya yi don kare kansa yana cikin kalmar.

Ma'aikaciyar Asibiti: Ƙari kan maganar Malam, don kada a yi kuskure a shirin: ba kakkaɓewa ake yi ba, kakkaɓa tana tayar da ita a shaƙa. A tuɓe rigar a hankali, a sa a leda a ɗaure, a ajiye nesa da mutane. A yi wanka da sabulu da ruwa mai ɗumi, ba a dirza fata da ƙarfi don kada ta yage abin ya shiga. A wanke gashi da sabulu kawai, ba a shafa man laushin gashi, yana riƙe ƙurar. Kuma Hajiya, kada ki ce "sun kamu da" kamar cuta ce mai yaɗuwa. Ki ce "ta hau jikinsu" ko "sun shaƙe ta".

Mai Nahawu: Har yanzu ba wanda ya amsa ni kan aro. Iyayenmu a gidajen rediyo da suka ga bam ɗin nan ba su tsaya ga "nukiliya" ba, suka ce makamin ƙare dangi, kuma ya zauna daram. Mu yanzu sai mu ɗauki kalmar Bature mu lanƙwasa mata baki mu ce mun fassara. Wannan lalaci ne, kuma da shi harshe ke mutuwa.

Ɗan Agadas: Malam, a yi haƙuri, "ƙare dangi" ba na nukiliya kaɗai ba ne, ana faɗinsa ga makamai masu guba ma. Sa'annan "nukiliya" ita ce kalmar da ta haɗa mu. Ku da Ingilishi, mu da Faransanci, in kowa ya aro daga nasa Bature sai mu rabu, amma wannan duk ɗaya muke jinta daga Kano har Damagaram da Agadas. A ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, ba baƙuwar kalma ba ce.

Mai Nahawu: To ai ku a can rabin zancenku Faransanci ne, ba ku za ku koya mana tsabtar Hausa ba.

Ɗan Agadas: Subhanallahi. Malam, ka saurari zancen matasan Kano na minti 5 ka ƙirga Ingilishin ciki, sa'annan mu dawo.

Bakatsine: Ku yi haƙuri dukanku. Kuma Malam Mai Nahawu, sabulun da aka ce a yi wanka da shi ma aro ne, haka minista da soja da bam. In ana son a ga yadda na da suka yi, akwai inda za a duba. Kafin su shiga dutse, Faransawa sun yi gwaji 4 a sarari a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, na farko ranar 13 ga Fabrairun 1960. Bayan na uku, a Janairun 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragenta na sama da na ruwa sauka, kuma tsoron abin da iskar hunturu za ta kwaso daga hamada na cikin dalilan. Wanda ke kusa da ma'ajiyar tarihi ta Kaduna ya duba mana Gaskiya Ta Fi Kwabo ta watannin nan. In sun yi kalma, ita ta fi cancanta.

Mai Fassara: Shawara ce mai kyau, amma ba za ta iso kafin azahar ba. Wata tambaya: rubutun ya ce cikin gwaji 13 da aka yi a dutsen tsakanin 1961 da 1966, guda 4 ba su tsaya a ciki ba. Duka zan ce ƙura ta fita?

Malamin Kimiyya: A'a, ki ce "sun yi yoyo", kowa ya san yoyon tulu. Don wani lokaci iska ce kawai ke tsiyayowa ta tsagar dutse, ba ƙura. Fashewa a ƙarƙashin dutse tana narkar da kewayenta ta bar kogo, narkakken ya taru a ƙasa ya daskare kamar gilashi ya riƙe mafi yawan gubar, daga baya rufin kogon ya rufta. Amma akwai iskar zenon wadda ba ta haɗuwa da komai, sai ta bi tsaga ta fito, kuma da ita ake kama masu gwaji a ɓoye. Gwajin Koriya ta Arewa na 2006 a ƙarƙashin ƙasa, tashar Yellowknife ta Kanada ta shinshino zenon ɗinsa bayan kusan mako 2. Ɗaya hanyar ita ce girgizar ƙasa, kuma cikin tashoshin da ke sauraronta a duniya akwai ta Torodi a Nijar. Wannan iskar ki kira ta iska, kada ki sa ta cikin ƙura.

Ma'aikaciyar Asibiti: Shi kuma na farkon, mai ratsa jiki? In an ƙwace masa "tururi" dole a ba shi wani. Ni "tiriri" nake ji ya fi, kamar tiririn garwashi da ke dukanka ba tare da ka taɓa ba.

Malamin Kimiyya: Hoton ya yi, sai dai tiriri ana jin zafinsa, wannan kuwa mutum zai kwashi abin da zai kashe shi bai ji komai ba. Haɗarinsa ke nan. Ban gamsu ba tukuna.

Mai Nahawu: Ku sa ƙurarku. Amma a rubuta cewa ban yarda suna ba ne, kuma ranar da kuka zo jam'i ko kuka so ku ce wuri ya cika da ita a kalma ɗaya, za ku nemi saukau.

Mai Fassara: An rubuta, Malam, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na sa: "Da ramin ya ƙi toshewa, narkakken dutse ya kwararo waje, gajimaren ƙurar nukiliya, wato garin dutse da ragowar bam mai guba da iska ke ɗauka ya sauko daga baya, ya bi ta kan sojoji da ministoci 2." Daga nan sai in riƙa cewa "ƙurar" kawai. Mai ratsa jikin na bar shi "tururin nukiliya" a wuri ɗaya da ya fito, tun da ba a daidaita ba.

Ɗan Agadas: Ya yi, amma ki ƙara Buzayen da ke kiwo a yankin da leburorin da aka ɗauka aikin ramin. Yarjejeniyar Evian ta Maris 1962, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ta bar wa Faransa wuraren na shekara 5, da suka tashi kuma mutane sun yi ta kwasar waya da ƙarafan da aka bari suna amfani da su. Ƙurar ba kan ministoci kaɗai ta sauka ba. Kuma ki rubuta Ahaggar ko sau ɗaya, haka masu dutsen ke kiransa.