Tuzuru ya rasu a ƙasar waje: ta ina ake kama zaren dukiyarsa?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum. Tambaya ce ga waɗanda suka saba riƙe irin wannan aiki. Mutum ya shekara ashirin ko talatin a ƙasar waje, bai yi aure ba, ɗaki ɗaya yake haya, rabin albashinsa gida yake tafiya. Sai a wayi gari ya rasu. Babu mata, babu ɗa, 'yan'uwa duk suna wata ƙasa, kuma ba wanda ya san ko sunan bankinsa. Daga ina ake farawa, kuma ina aka fi yin tuntuɓe? Kowa ya faɗi yadda abin yake a ƙasar da ya sani.

Ɗan kwamitin jana'iza: Wa'alaikumus salam. Kwanakin farko na gawa ne, dukiya ta jira tukuna. Mai zaman kaɗaici galibi sai wurin aiki sun ji shiru kafin a fasa ƙofa, kuma a Ingila irin wannan mutuwa hannun jami'in binciken musabbabin mutuwa take zuwa. Ba a sakin gawa sai ya ba da izini, haka ma fitar da ita daga ƙasar. Idan ba wanda ya fito ya ce shi ne mai gawa, ƙaramar hukuma ce za ta yi jana'izar bisa dokar lafiyar jama'a ta 1984, ta cire kuɗinta daga abin da ya bari. Dokar ta hana su ƙona gawa in suna da dalilin ganin mamacin ba zai so ba, to amma sai wani ya gaya musu. A rubuta musu tun ranar farko. A kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa: sashe na 37 na yarjejeniyar Viyana ta 1963 kan hulɗar ofisoshin jakadanci ya ɗora wa hukuma wannan aiki, sai dai kada a zauna jiranta.

Ɗakin mamaci kuwa, kada mutum ɗaya ya shiga. Mutum biyu ko uku, a ɗauki hoto, a rubuta komai, kowa ya sa hannu. Ko riga kada a fitar da sunan sadaka, domin ta magada ce. Karo-karon jana'iza a rubuta tun wuri ko gudummawa ce ko bashi, in ba haka ba sai ya zama abin rigima daga baya.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki: Malam ya yi gaskiya. Abin da na fi ganin yana jefa mutanen kirki cikin matsala shi ne katin cirar kuɗi. Aboki ya san lambar sirri, sai ya je ya ciro don hidimar jana'iza. Niyya mai kyau ce, amma doka ba ta ba shi wannan iko ba, kuma kwanan wata yana nan a rubuce. Ba a ma buƙatar haka: bankunan Ingila suna biyan kamfanin jana'iza kai tsaye daga asusun da aka rufe, in aka kai musu takardar kuɗin aikin da shaidar mutuwa. A karɓi kwafin shaidar mutuwa da yawa tun ranar rajista, don kowane ofis zai nemi nasa.

Wajen neman inda kuɗi suke, a bi takardar albashi, wasiƙun da ke ci gaba da zuwa, da bayanin asusu na wata shida zuwa shekara. Kuɗin da ke fita kowane wata shi ke tona inshora, bashi, ko wani asusu na biyu. Sannan a tambayi wurin aiki game da fansho da kuɗin mutuwa a bakin aiki. Waɗannan sukan bi sunan da mamacin ya rubuta a fom ranar da ya kama aiki, ba sa shiga cikin rabo. Tuzuru yakan rubuta sunan mahaifiyarsa ya manta, ita kuma ta riga shi rasuwa da shekaru.

Lauya a Ingila: Hajiya ta share mini hanya. Wanda ya mutu bai bar wasiyya ba a Ingila da Wales, dokar 1925 ce ke jera magada, kuma ba a sauka mataki na ƙasa sai na sama babu kowa. In babu mata, 'ya'ya ne. In babu, iyaye, uwa da uba daidai wa daida. In babu, shaƙiƙai, mace da namiji rabo ɗaya, wanda ya riga mutuwa 'ya'yansa su ɗauki kasonsa. Sai 'yan uba da 'yan uwa ɗaya, sai kakanni, sai kawunnai da gwaggwanni. In duk babu, dukiya ta koma hannun gwamnati. Ko a nan ƙofa ba ta rufe ba: magaji na iya nema cikin shekara 12 a ba shi da kuɗin ruwa, har zuwa shekara 30 ba tare da shi ba.

Amma kafin a kira mutum tuzuru a bincika abu uku. Shin ya taɓa yin auren takarda don samun izinin zama, ba a kuma kashe auren a kotu ba? To wannan mata, ko sun shekara goma ba su ga juna ba, ita ke kwashe komai idan babu 'ya'ya. Haka doka take tun Oktoba 2014. Shin yana da ɗa, ko da ba ta hanyar aure ba? Wannan ɗa ya rufe iyaye da 'yan'uwa gaba ɗaya. Shin akwai wadda suke zaune tare ba aure? Ba ta cikin jerin magada, amma in sun yi shekara biyu tare kafin rasuwar tana iya kai ƙarar neman kaso ƙarƙashin dokar 1975, cikin wata shida daga fitowar takardar kotu ta riƙon dukiyar.

Takardar kotun nan ita ce ke ba mutum ikon tattara dukiya. Magajin da ke nesa yana iya naɗa wakili a Ingila ya nema a madadinsa. Wakilin nan ya yi hattara: in ya raba kuɗi sannan mai bin bashi ya ɓullo, daga aljihunsa zai biya. Shi ya sa ake buga sanarwa a jaridar gwamnati a jira wata biyu. Harajin gado kashi 40 ne cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000, wanda mafi yawan masu ɗaki ɗaya ba sa kaiwa.

A ganina duk wannan mai sauƙi ne. Inda aiki ke kwana shi ne tabbatar da dangantaka. Sunan mamaci a fasfo daban, a takardar makaranta daban, ɗan'uwansa yana amfani da sunan kaka shi kuma da sunan gari, takardar haihuwa babu. Sai an haɗa rantsuwar kotu, shaidar mutuwar iyaye, da jadawalin dangi, an kai ma'aikatar harkokin waje ta buga hatimi. Wanda kuwa ya yi aiki da takardun wani, kuɗin da ke asusun wancan sunan samunsu sai dai amanar mai sunan.

Malamin mirasi: Barista, Allah ya saka da alheri. Ga Musulmi, tsarin shi ne jana'iza, bashi, wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. In iyaye biyu suna raye, uwa tana da sulusi, saura na uba. In mamacin yana da 'yan'uwa biyu ko fiye, kasonta ya sauka zuwa sudusi, su kuma ba sa samun komai saboda uba ya katange su. In babu uba babu ɗa, wannan ita ce kalala, hukuncinta yana aya ta 12 da ta 176 a Suratun Nisa'i: ɗan uwa ɗaya tilo sudusi, in sun kai biyu su raba sulusi daidai, shaƙiƙai kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ku lura da inda aka saɓa da Ingila: can 'yan uwa ɗaya ba su da komai in akwai shaƙiƙi, kuma 'ya'yan ɗan'uwan da ya mutu suna ci, nan ba sa ci matuƙar shaƙiƙi namiji yana raye. To yaya ake haɗa su?

Lauya a Ingila: Hanya biyu, Malam. Magada baligai na iya sa hannu a takardar sauya rabo, cikin shekara biyu daga rasuwa, amma sai duk wanda kasonsa zai ragu ya yarda. Wadda ta fi ita ce mutum ya rubuta wasiyya da ransa, ya sa hannu gaban shaidu biyu a lokaci guda. Kada shaida ya zama mai cin wani abu a cikinta, don kasonsa zai faɗi.

Tafinta a Jamus: Jamus da nata tarko. Magaji yana gadon bashi kamar yadda yake gadon kuɗi, kai tsaye, ko bai ce yana so ba. Wa'adin ƙin karɓa mako shida ne daga ranar da ya sani, wata shida in yana wajen ƙasar. Ya wuce, bashin ya hau kansa. Don haka kada a yi murna da wasiƙar kotu sai an ga lissafi. Kuma tun 17 ga Agusta 2015, a mafi yawan ƙasashen Tarayyar Turai dokar inda mutum yake zaune ce ke hukunta gadonsa, sai in ya zaɓi dokar ƙasarsa ta asali a cikin wasiyya.

Ma'aikacin kamfani a Saudiyya: A nan a bi kuɗin sallama: rabin albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kowace shekara bayan nan, haɗe da albashin da ba a biya ba. Kuɗin mayar da gawa kan mai aiki yake, in dangi ba su yarda a binne a nan ba. Ba a sakin kuɗi sai da takardar kotu mai jera magada da takardar wakilci daga gare su duka.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki: Kada a manta da ɗaya ɓangaren. Mafi yawan gumin irin wannan mutum ba ya banki, yana can inda yake aikawa: fili da sunan yaya, gini da sunan ƙane, jari a hannun aboki. Fili da gida dokar inda suke ce ke aiki a kansu, kuma wakilcin da ya ba wani ya mutu tare da shi, wakili ba shi da ikon sayarwa. Hujjar da takan rage ita ce rasit ɗin aika kuɗi da saƙonnin waya. Kada a yanke layinsa, kada a goge wayar, sai an kwafe su an ba kowane magaji.