Mayar da babur ɗin daji supermoto a Legas: kuɗin da za a kashe zai biya kuwa?

Nafi'u Agege

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu harkar babur. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa yin aikin ko aka yi a gabansa.

Ina zaune a Agege, ina gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja. Wani abokin yayana zai koma gida Zariya, yana da Suzuki DR-Z400S tokumbo, ya ce zai bar min shi in biya kashi biyu. Na hau na zaga da shi. Injin lafiya lau, ba hayaƙi, fankar lagireto tana tashi in ya ɗau zafi. Matsalarsa tayoyi: na daji ne masu gudaji-gudaji, gaba inci 21, baya inci 18. A kan kwalta sai ya riƙa gurnani, kan babur yana karkarwa a hannu, kuma da na kama birkin gaba a wajen Pen Cinema, inda yayyafi ya jiƙa titi, na ji gaban yana neman sulɓewa.

Abin da ke raina shi ne in mayar da shi supermoto. Ga wanda bai san shi ba, babur ɗin daji ne ake cire masa dogayen wili a saka masa inci 17 gaba da baya, da faffaɗar tayar kwalta da babban faifan birki a gaba. Sai ka samu babur mara nauyi, mai tsayi, mai dogon shokozoba, amma yana kama titi. Asalinsa daga Amurka ne. A 1979 aka fara wata gasar talabijin mai suna Superbikers a Carlsbad ta jihar Kalifoniya, aka haɗa gwanayen tseren kwalta da na turɓaya a fili ɗaya, wani ɓangare kwalta wani ƙasa. Da aka daina ta a 1985 sai Faransawa suka ɗauki abin suka raya shi. Ni kuwa duk lokacin da na dubi hanyar Agege zuwa Ikeja sai in ga ai filin nan ne sak, kwalta nan, rami nan, turɓaya can.

Inda nake tsayawa shi ne kuɗi. Sabon saitin wili na inci 17 da faifansa yana kaiwa wajen dala 1,000 a ƙasashen waje, ba a zo kan kuɗin jirgi da na kwastan da tayoyin kansu ba. Kafin watan Yunin 2023 dalar gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 kuwa ta haye 1,500. Ga mai, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda yake. Ba wasan ɗaga gaba nake son yi a titi ba. Ina son abin zuwa shago kullum, ranar Lahadi kuma in ɗan miƙa hanyar Epe ko Badagry in sha iska. To, in haɗa, ko in hau shi yadda yake, ko in haƙura in tara in sayi wanda kamfani ya ƙera a haka?

Oga Sale Makanike

Wa alaikumus salam, ƙanena. Garejina yana Idi-Araba, manyan babura nake yi, kuma irin wannan aikin ya bi ta hannuna.

Da farko ka yi sa'ar samfuri. DR-Z400S yana da fanka da fitilu da sigina tun daga kamfani. Ɗan uwansa 400E babu fanka, a gosulon Oshodi sai ya tafasa. Injin nan 398cc ne, daga shekarar 2000 zuwa 2024 Suzuki suka yi ta yin sa ba wani babban canji, kafireto ne ba kwamfuta ba, duk makaniken da ya san aikinsa zai iya buɗe shi.

Ba dole ba ne ka sayi cikakken saitin wili. Cibiyar wilin da ke jikin babur ɗin tana da kyau, ita ce mai boris da wurin ɗaura faifai da sifiroket. Abin da za ka nema shi ne rim kaɗai, inci 17, na gaba faɗin inci 3.50, na baya 4.25 ko 4.50, da gajerun wayoyi na wannan samfurin, sai a saƙa maka su a kan tsohuwar cibiyar. Kafin ka biya, ƙirga ramukan rim ɗin da yatsa. Akwai mai 32, akwai mai 36, in bai dace da cibiyarka ba kuɗinka ya tafi. Kuma kada ka yarda a yanka dogayen wayoyi a lanƙwasa, ko a ƙara rami da dirila. Mai saƙa ma ka zaɓa. Wanda ya iya zai ɗora wilin a kan ƙarfe yana juyawa, yana ɗaure waya ɗaya yana sassauta wata, yana kafa alli a gefen rim har sai allin ya daina taɓa wuri ɗaya ya tsallake wani. Aikin yini ne. Wanda ya ce maka ka dawo bayan awa ɗaya, ɗauki kayanka.

Taya: gaba 120/70-17, baya 140/70-17, kamar yadda kamfani ya saka wa DR-Z400SM, wato samfurin da ya ƙera a supermoto tun asali. Samari suna son ta baya mai faɗin 160 don ta cika ido, sai kaca ta riƙa cin gefen tayar. Tun da wilin waya ne, da tif za ka hau, to ka sayi mai kauri.

Birki kuwa, nan ne ba na sassauci. Faifan gaban 400S milimita 250 ne, an yi shi don turɓaya inda ba a son taya ta ƙame. Tayar kwalta tana kama ƙasa, za ka ƙara gudu ko ba ka yi niyya ba, ƙaramin faifai zai ɗau zafi ya yi sanyin kamu. Masu haɗa supermoto 320 suke sakawa. Babban faifai kuma yana buƙatar ƙarfen da zai matsar da kan birkin waje. Wannan ƙarfen, don Allah ka saya na ainihi. Kada mai walda ya haɗa maka. Ba ƙarfen da ya fi shi ɗaukar nauyi ranar da danfo ya tsaya maka kwatsam a tsakar titi.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna cin kuɗi. Sifiroket ɗin baya mai haƙori 44 ne, tayar ta ƙanƙance, sai inji ya riƙa kuka a giya ta biyar, kuma giya biyar kawai yake da ita. Ka sauko 41. Jak ɗin gefe zai yi tsawo, sai an rage, in ba haka ba babur ya tsaya ƙiƙam iska ta kayar da shi. Mitar gudu za ta riƙa ƙara maka wajen kashi 15 cikin 100, domin tayar gaba ta sauko daga tsayin kusan milimita 690 zuwa 600. Sai madigadi gajere.

Amma kafin duk wannan, kawo shi a buɗe bakin mai a shinshina. Makunnin man waɗannan baburan yana yoyo idan ya tsufa, fetur ya bi ta kafireto ya sauka cikin bakin mai, ya cinye inji a hankali. A duba notin sifiroket ɗin gaba, a saurari kacar cikin inji. In injin na da ciwo, wili mai ƙyalli ba zai kai ka Ikeja ba.

Alhaji Baban Zainab

Nafi'u ɗana, ni ban san inci da milimita ba, dabbobi nake saye da sayarwa a Alaba Rago. Amma yaran garinmu da yawa sun yi acaɓa a garin nan, ni nake tsaya musu in wani abu ya faru, shi ya sa zan sa baki.

Ka san dokar Legas kafin ka kashe ko kwabo. Tun 2012, zamanin Fashola, aka hana acaɓa bin hanyoyi 475, aka kuma ce babur ɗin da bai kai 200cc ba kada ya hau manyan tituna. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A watan Satumba na shekarar aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Ikejan da kake zuwa kullum tana ciki. Baburan da aka kama, dubbai, murƙushe su aka yi.

Naka 400 ne, kuma ba haya za ka yi ba, to ba kai aka nufa ba. Sai dai ka sani, babur ɗin nan siriri ne, ba ya cika ido kamar manyan nan masu rufin roba, kai kuma yaro ne Bahaushe. Daga nesa za a iya ɗaukarka ɗan acaɓa. Don haka takardar kwastan ta zama ta gaskiya, lambar inji da ta shasi su dace da abin da ke rubuce, lambar babur ta zama ta mai zaman kansa da sunanka, ga lasisi ga inshora. Ku rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu tun mutumin bai tafi Zariya ba. Hular kwano mai rufe haɓa, da riga da takalmi na kirki, su ma suna raba ka da tambaya. Kuma ka rage ɗaukar mutum a baya, ko abokinka ne.

Sannan ka gaya wa mahaifiyarka da bakinka. Kada ta ji a wurin wani.

Mubarak Obalende

Malam Nafi'u, ni ina ganin kada ka haɗa. Oga Sale ya faɗi gaskiya a kan yadda ake yi, amma tambayarka ita ce ko kuɗin zai biya, kuma ta fuskar kuɗi ba ya biya. Ranar da za ka sayar, ba wanda zai ƙara maka farashi don ka saka rim. Ce maka za a yi an taɓa babur ɗin, har a nemi ragi. Suzuki tun 2005 suka fara yin DR-Z400SM, da wilinsa inci 17, da babban faifai, da shokozoban gaba irin na kife mai ƙarfi, wanda naka ba zai samu ba ko ka canza wili. In ka tara kuɗin babur da rim da taya da birki da ladan aiki, za ka ga ka matso kusa da shi.

Na biyu, ban yarda cewa inci 17 ya fi dacewa da Legas ba. A gadar Third Mainland, eh, kilomita 11.8 sumul, za ka ji daɗi. Amma a watan Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ke rufe rami ba ka san zurfinsa ba, babban wili ne ke haye bakin rami, ƙarami faɗawa yake yi. Faffaɗan rim kuma da siririyar taya ya fi saurin lotsewa. Ni CRF250L nake hawa da wilinsa 21 da 18, taya kawai na canza na saka mai lafiyar kwalta, gurnanin ya tafi. Ka gwada wannan tukuna, kuɗin taya biyu ne kawai.

Nafi'u Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, na karɓa. Na ga takardar kwastan ɗin da idona, gobe in sha Allahu zan je da fitila in karanta lambar shasi a wuyan babur in haɗa da ita. Hajiya ma zan kira ta.

Malam Mubarak, lissafinka na sayarwa daidai ne, ban musa ba. Sai dai abu biyu. SM ɗin da kake faɗa ba kullum ake samunsa a Legas ba, wanda ya shigo kuma kuɗi a dunƙule ake nema, ni kuwa wannan kashi biyu zan biya, kuma na san mai shi, na san yadda ya riƙe shi. Na biyun, tsayi. Kujerar 400S milimita 935 ce, ta SM 890. Ni ba dogo ba ne, da kan yatsu nake taɓa ƙasa. A cunkoson Ikeja Along, inda ake tsayawa duk taku goma tsakanin danfo da Keke, wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin ka dafa ƙasa da ƙafarka ko ka dafa ta da kafaɗa. Canjin taya kaɗai ba zai sauko min da shi ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi, kuma ba na jin kunyar faɗarsa. Yini nake yi ina gyara abin wasu a ƙarƙashin gilashi, mai shi ya karɓa ya tafi. Ina son abu ɗaya da zan san kowane noti nasa, in hau abina. Ba don riba nake yi ba, ba kuma da niyyar sayarwa ba.

Ga yadda na tsara. Zan kawo shi Idi-Araba a duba inji kafin in biya kashin farko. In ya fita lafiya, kuɗin farko na hular kwano ne da takardu. Sai faifai da ƙarfen birki na ainihi, sai rim da wayoyi, taya a ƙarshe don kada ta zauna tana bushewa. Salansa da fenti da sitika ba sa cikin lissafi. Oga Sale, tambaya ɗaya: in aka saƙa sabbin rim a kan cibiyoyin nan, tsofaffin wilin sun tashi aiki ke nan? Maganar damina da Mubarak ya yi ta tsaya min a rai.

Oga Sale Makanike

Sun tashi, ƙanena, sai dai in an sake kwancewa an saƙa, kuma ba aikin da za a riƙa yi duk shekara ba ne. In kana son saiti biyu, na rani da na damina, sai ka nemi wasu cibiyoyi na hannu daga wanda injinsa ya mutu ake sayar da shi gunduwa-gunduwa. Zan tambayi mutanena a Ebute Metta. In an samu, a saƙa inci 17 a kansu, ka ajiye 21 da 18 a ɗaki. Sai dai ka sayi babban faifai biyu, ɗaya a kowane wilin gaba, don kada ka riƙa kwance ƙarfen birki duk canji.

Kawo shi Asabar da safe. Kada ka tayar da shi a bakin gareji, ka bar shi ya huce sarai, ina son in ji ƙarar injin da sanyinsa.