Kuɗin sulhu, kuɗin agaji, da kalmar da ta tada ƙura a zaure

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Abin nan ya daɗe yana cin raina, yau sai na amayar da shi. Ambaliya ta rushe mana gidaje, har yanzu akwai masu kwana a azuzuwan makaranta, ba tanti, ba maganin zazzaɓi. Sai ga wata ƙungiya ta zo da kuɗin masu ba da tallafi, ta kama ɗakin taro a otal, wai bita kan zaman lafiya tsakaninmu da makwabtan da muka yi rikici da su shekarun baya. Aka raba riguna, aka ba da kuɗin mota, aka ɗauki hoto ana musabaha, kowa ya kama gabansa. Da muka ce a karkatar da kuɗin a saya wa mutane kwanon rufi, sai aka ce ba haka aka rubuta a takardar tallafin ba. Ni a ganina duk kuɗin da ake ware wa sulhu a mai da shi agajin gaggawa. Sulhun da aka ɗaura da kuɗin bara ba inda zai je.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, Allah ya mayar muku da alheri, amma ka janye kalmar bara. Ni ma na tsaya a layi na karɓo wa 'ya'yana bargo da gidan sauro, kuma ban roƙi kowa ba. Wanda musiba ta faɗa wa ba mabaraci ba ne.

Ɗan Auta: Anti, ki yi haƙuri, in ba bara ba mece ce? A zauna a lissafa talaucinmu a takarda, a haɗa da hoton yara, a aika Turai da Amurka, a zuba ido ana jira. A 2025 da gwamnatin Trump ta rushe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, ayyuka nawa ne suka tsaya cik a ƙasashe daban-daban? Abin da mutum ɗaya zai iya yanke maka da sa hannu a takarda, ai ba naka ba ne.

Malam Mai Allo: Ɗana, a yi hattara da harshe. A Suratun Nisa'i, aya ta 114, an jera umarni da sadaka da gyara tsakanin mutane a wuri guda. Kuma cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ce a ba zakka akwai masu bashi, malaman fiƙihu da dama sun sa wanda ya ɗauki nauyin diyya don ya kashe wutar gaba tsakanin jama'a biyu a cikinsu, ko da mawadaci ne. Hadisin Ƙabisa ya halatta wa irin wannan mutum ya nemi taimako, haka ma wanda bala'i ya cinye wa dukiya. To ta ina wannan ya zama barar da aka zarga?

Ɗan Auta: Allah gafarta Malam, wancan mutum ne da ya ɗauki bashi a wuyansa. Waɗannan albashi suke ɗauka. Kuma hannun sama ya fi hannun ƙasa, a bakinku muka ji.

Baban Rahila: Ku bar ni in sa baki, ni da ba Musulmi ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yaƙi juna a rikicin 1992 a Kaduna. Faston ya rasa hannu, limamin ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Daga 1995 suka fara aiki tare, suna cikin waɗanda suka tsaya har shugabannin addini suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, suka kuma shiga tsakani a Yelwa da Shendam na jihar Filato bayan kashe-kashen 2004. Motar da ta kai su da mai take tafiya, wani ne ya biya. In wannan bara ce, Allah ya ƙara mana irinta.

Maman 'Yan Biyu: Baba, ka faɗi gaskiya. Amma ni har yanzu ba a janye kalmar ba.

Ɗiyar Malam: Ni a wannan fannin nake aiki, ba na ɓoyewa. Baban Hanifa, abin da aka gaya maka gaskiya ne ko da ya yi ɗaci: kuɗin da mai bayarwa ya ɗaure wa wani aiki, in ka juya shi ba da izininsa ba, masu binciken kuɗi za su rubuta an karkatar, a ce a biya, a rufe ƙofa. Ana iya neman izini, wasu masu bayarwar kan amince, kuma ya kamata ƙungiyar ta nema. Amma a daina raba agaji da sulhu kamar ba su san juna ba. Ku dubi igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disamba 2004. A Aceh ta ƙasar Indonesiya, bala'in ya tura gwamnati da 'yan tawayen GAM masu neman ɓallewar yankin teburin sulhu, suka sa hannu a Helsinki ranar 15 ga Agusta 2005, kuma wata ƙungiya mai zaman kanta ta Martti Ahtisaari, tsohon shugaban Finland, ce ta shiga tsakani. Ruwan nan dai ya bugi Sri Lanka. Can aka tsara yadda gwamnati da 'yan tawayen Tamil za su raba kayan agaji tare, rigimar siyasa da kotu suka tsayar da tsarin, zuwa 2006 yaƙi ya dawo gadan-gadan. Rabon agaji kansa yana iya zama sabon dalilin gaba, in ɓangare ɗaya ya ga sunayen ɗayan ne suka cika rajista.

Ɗan Auta: Dama na san za a fito. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗiyar Malam: Ƙanena, ni ba sa'arka ba ce. Ina cikin laka ina rubuta sunayen mutane lokacin da kake kwance kana danna waya. Ka kawo hujja ko ka yi shiru.

Ɗan Auta: Yaya, ban zage ki ba. Ki gaya wa zaure kashi nawa na tallafin ke tafiya a motoci da alawus, shi ke nan. An ce ya fi rabi.

Ɗiyar Malam: Wa ya ce?

Ɗan Auta: Kowa ya sani.

Kawu Tsohon Soja: Ku duka kun kauce. Matsalar ba bara ba ce, matsalar sulhu ba diyya. A Afirka ta Kudu hukumar gaskiya da sulhu da Desmond Tutu ya jagoranta bayan mulkin wariyar launin fata ta fara sauraron mutane a 1996, duniya ta yi ta yabo, amma sai 2003 gwamnati ta ce za ta ba kowane wanda aka zalunta rand 30,000 sau ɗaya, ƙasa da abin da hukumar ta ba da shawara. Ka ce wa matar da aka kashe wa miji ta yafe, ka ba ta riga mai tambari, ka tafi?

Baban Rahila: Yallaɓai, to Ruwanda fa? An kashe kimanin mutum 800,000 a 1994, kotunan gargajiya na gacaca suka saurari ƙararraki kusan miliyan 2 kafin a rufe su a 2012. Yau ga su suna zaune tare.

Kawu Tsohon Soja: Suna zaune tare don gwamnati ba ta bari a ɗaga murya. Shiru daban, yafiya daban. Wanda bai taɓa ɗaukar gawa ba kada ya koya mini.

Baban Rahila: Ka san abin da na binne kuwa? Kada ka sake faɗa mini haka.

Malam Mai Allo: Subhanallah. Dattawa, a sassauta, yara na karantawa.

Maman 'Yan Biyu: Ku maza ku ke shiga otal, mu mata mu ke bin layi, sannan a kira mu mabarata. Ko a taron sulhun mace nawa aka gayyata?

Baban Hanifa: Hajiya, wallahi ba da ke nake ba. Jama'a, tambayata fa ita ce rufin mutanen da ke kwana a makaranta. Har yanzu ba wanda ya amsa mini.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan maganar. Abin da na fahimta, akasarin zaure ya yarda kuɗin sulhu ba asara ba ne, kuma kalmar bara ba ta dace ba. Malam ya kawo hujjar addini, Baban Rahila ya kawo misalin Imam Ashafa da Fasto Wuye wanda ba mai musunsa, 'yar uwarmu Ɗiyar Malam kuma ta yi bayani na masu sanin aiki, kuma ni kaina na daɗe da wannan ra'ayi: inda gaba take, ko kayan agajin ba sa isa hannun mai buƙata lafiya. Maganar Kawu kan diyya wani babi ne, a ajiye ta zuwa wani lokaci. Ɗan Auta bai kawo alƙaluma ba, don haka na goge saƙonninsa biyu na ƙarshe, kuma ya ba yayarsa haƙuri. Baban Hanifa, muna jiran ka janye kalmar nan a fili saboda Maman 'Yan Biyu. Batun rufi, ka tura wa Ɗiyar Malam bayanin ta gefe ta nuna muku yadda ake rubuta takardar neman a sauya akalar tallafi.