Yaya ake gane ƙungiyar makaɗa ta ƙwarai?

Mai tambaya: Jama'a, akwai makaɗan ƙauye da suka fi na situdiyo iyawa, amma ba a san su ba. Da me kuke auna su?

Ɗan Gobir: Malam, saurari kalangun. Na gaske, makaɗi yana matse tsarkiyarsa a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar magana. Na fiyano amo ɗaya yake maimaitawa.

Baban Yara: Ni 'yan amshi nake bi. Su karɓa daidai inda ubangida ya ja numfashi. In suka makara ko wani ya riga wani, ba a zauna an gwada ba.

Na Damagaram: Kada ku yanke hukunci da damina. Danshi yana saki fata, sai an gasa ta a wuta. Kukuma ma in ba a goga ƙaro a izga ba, shaƙewa take.