Tobit ɗin da aka karanta a ɗaurin aure, ina yake a nawa Littafin?

Maman 'Yan Biyu, Gombe:

Salama gare ku 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar. 'Yar ƙanwata ta auri wani yaro ɗan Katolika, aka ɗaura auren a cocinsu nan cikin garin Gombe. Da aka zo karatu na farko, mai karatu ya ce daga littafin Tobit ne, sura 8. Ni kuwa ina riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa da na gada wurin babana, mai baƙin bango, wanda shi da kansa ya ɗinke bayansa da zare tun muna Kaltungo. Na buɗe jerin littattafai, na bi da yatsa daga Farawa har Malakai, na sake bi. Babu Tobit.

Karatun kuwa ya taɓa ni. Ango da amarya ne suka tashi a darensu na farko suna roƙon Allah ya yi musu jinƙai, ya bar su su tsufa tare. Sai da na share hawaye, don na tuna marigayi maigidana.

Shekara 19 ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Littattafai 66 na sa su haddace, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. A cikin keke muna komawa gida autata ta ce, "Mama, su ne suka ƙara ko mu ne muka rage?" Na rasa ta cewa. Don Allah mai sani ya taimaka mini, ba gardama nake nema ba.

Tsohon Malamin Makaranta, Billiri:

Mama, sannu da hidima. Autarki ta yi tambayar manya. Na Katolika littattafai 73 ne, bakwai ɗin da ba ki da su duk a Tsohon Alkawari suke: Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, da Makabi na ɗaya da na biyu, sai wasu ƙarin sassa a Daniyel da Esta. Sabon Alkawari kam 27 ne a wurinmu duka.

Asalin maganar harshe ne. Yahudawan Iskandariya ta Masar sun koma jin Helenanci fiye da Ibrananci, sai aka fara fassara musu Attaura tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sauran littattafai suka biyo baya. Wannan fassara ake kira Seftuwajin, ita ce masu bi na farko suka fi karantawa, kuma tsofaffin kwafinta da Kirista suka rubuta suna ɗauke da su Tobit. Su kuma malaman Yahudawa suka tsaya a kan littattafai 24 na Ibrananci. Waɗannan 24 su ne 39 ɗinki, ƙirga ce ta bambanta: ƙananan annabawa goma sha biyu ɗaya ne a wurinsu, Sama'ila ɗaya, Sarakuna ɗaya, Tarihi ɗaya, Ezra da Nehemiya a haɗe.

Jerom, wanda ya fassara Littafin zuwa Latin wajen shekara ta 400, ya fi karkata ga jerin Ibrananci. Agustin kuwa, bishop na Hippo a wancan zamani, ya riƙe jerin mai faɗin. Da Martin Luta, jagoran Furotesta na farko, ya fitar da fassararsa ta Jamusanci a 1534, bai yar da su ba, ya tara su ne tsakanin Alkawura biyu, ya ce ba daidai suke da Nassi ba amma karanta su na da amfani. Fassarar Sarki Yakubu ta Ingila ta 1611 ma da su ta fito. Sai a 1826 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta yanke shawarar daina buga su. Ita ce kuma ta buga cikakken Littafin Hausa na farko a 1932. Kin ga tun kafin a haifi baba aka yanke wannan magana a Ingila.

Katikis, Bauchi:

Baba malam ya yi adalci, Allah ya saka. Abu ɗaya zan ƙara, don ana yawan cewa wai Roma ce ta cusa su a babban taron bishop-bishop na Katolika a Tirent a 1546 domin ta ba Luta amsa. Tirent tabbatarwa ya yi. Tun a 393 a Hippo, da 397 a Kartaj, shugabannin ikkilisiya suka jera su cikin littattafan da za a karanta a sujada. Hippo tana Aljeriya ta yau, Kartaj a Tunisiya, wato nan Afirka aka yi zaman.

Mama, buɗe naki a Yahaya 10:22, za ki ga Yesu a Haikali lokacin idin tsarkakewa da hunturu. Labarin yadda idin nan ya samo asali, lokacin da Yahuza Makabi ya tsarkake Haikali a shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu, ba ya cikin 39 ɗin. A Makabi yake. Ba zan ɓoye ba kuma, akwai inda koyarwa ta raba mu: 2 Makabi sura 12 tana maganar addu'a domin matattu, abin da ku ba ku yarda da shi ba.

Makwabci, Jekadafari:

Ni Musulmi ne, amma na bi maganar da sha'awa. Malam, shi Tobit ɗin wa ya rubuta shi, kuma yaushe?

Tsohon Malamin Makaranta, Billiri:

Marhaba, makwabci. Marubucin bai bar sunansa ba. Labarin a Nineba yake, zamanin da Assuriyawa suka kwashi Isra'ilawa bauta, amma masana sun fi ganin an rubuta shi wajen shekara 200 kafin haihuwar Almasihu, ɗaruruwan shekaru bayan wancan zamani. Da ana ƙin sa don ba a da shi da Ibrananci. Sai bayan 1947, cikin kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, aka tono guntayen Tobit, kwafi huɗu da Aramiyanci, ɗaya da Ibrananci. Sirak ne kaɗai a cikin bakwai ɗin muka san mai shi da tabbaci, Yesu ɗan Sira na Urushalima, wajen shekara ta 180 kafin haihuwar Almasihu, jikansa kuma ya fassara shi zuwa Helenanci a Masar. Katikis, ni dai ina nan a kan 66, amma hujjar harshen nan na daina kafa ta.

Maman 'Yan Biyu, Gombe:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara basira. Jiya na aiki autata gidan sababbin surukanmu ta aro mini nasu. Wuta ta ɗauke, na kunna tocilan waya, muka karanta surorin Tobit 14 ɗin duka ni da ita a kan tabarma. Ita karen da ya bi Tobiya, ɗan Tobit, tafiya ne ya burge ta. Ni kuwa tsoho Tobit da ya makance, da matarsa da take fita bakin hanya kullum tana duban ɗanta, su suka hana ni barci.

Abin da ya dame ni, shekara 19 ina faɗa wa yara 66 kamar haka ya sauko a ɗaure. Haka zan ci gaba da koya musu, don a kai ikkilisiyata ta tsaya, amma ranar Lahadi zan gaya musu cewa mutane ne masu tsoron Allah suka zauna suka yi ta muhawara a kan jerin, ba su kuma ƙare a wuri ɗaya ba. Zan fara shaida wa Fasto tukuna.

Baba malam, saura ɗaya. Da nake bincike na ga wasiƙar Yahuza, aya 14 da 15, ta kawo annabcin Anuhu, na kuma ji cewa cocin Habasha na da littafin Anuhu cikin nasu 81. Na duba a na surukaina, shi ma babu. In manzo ya ɗauko magana daga cikinsa, me ya sa mu da Katolika duka muka bar shi a waje?