Muhawara: "Now and Then" waƙar Beatles ce, ko ta John Lennon ce aka yi wa ado?

Baba Mai Faifai: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya jikana ya sake kunna mini waƙar nan da ake kira ta ƙarshe ta Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan huɗu ta Birtaniya, wato "Now and Then", wadda ta fito ranar 2 ga Nuwamban 2023. Sau uku na saurara, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi ƙwalla. Amma da zuciya ta kwanta sai na dawo kan bakana: wannan ba waƙar Beatles ba ce. Beatles sun watse tun 1970. John Lennon ya zauna shi kaɗai gaban fiyano a gidansa na New York wajen 1977, ya rera ta cikin kaset. Ba da sunan ƙungiya ya yi ba, domin a lokacin babu ƙungiyar. An harbe shi a Disambar 1980. George Harrison ya rasu a 2001. To, mutum biyu suna kushewa, biyu sun haura tamanin, sai a ce mana huɗun sun yi sabuwar waƙa? Ni dai ban yarda ba. Wanda yake da hujja ya kawo.

Auta: Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa in sa baki. Ni ta wannan waƙar na san su. Kafin ita ban san komai a kansu ba sai suna. Ita ta ja ni na koma baya ina tono tsofaffin. Kuma da na saurara, muryar John ce, gangar Ringo Starr ce, Paul McCartney na ciki, har jitar da George ya kaɗa a 1995 an saka. Hannun mutum huɗu ya taɓa ta. In ba Beatles ba, su wane ne?

Baba Mai Faifai: Auta, ɗana, na ji daɗi da ka shigo ta wannan ƙofar, kowace ƙofa ce dai ka shigo. Amma bari in gaya maka yadda muka san su. Muna makarantar kwana a Zariya, wani babban ɗalibi yana da faifansu na Abbey Road da wata garmaho mai batir. Allurar ta cinye, sai mun ɗora kwabo a kan hannunta don kada ta yi tsalle. Mu goma sha wani abu muna tsugune a kewaye, ba mai tari. Abin da muke ji a faifan nan mutum huɗu ne masu rai, kowa na jin ɗan'uwansa, wannan ya ja wancan ya saki, har gardamarsu kana jin ƙamshinta a cikin kiɗan. Shi ne Beatles a wurina. Hannu huɗu ya taɓa abu a shekaru daban-daban, 1977 da 1995 da 2022, wannan haɗe-haɗe ne, ba zama ba ne.

Injiniya: Baba, ranku ya daɗe, kafin mu yi nisa ina so in kawar da wani ruɗani, don na ga mutane da yawa suna cewa kwamfuta ce ta ƙirƙiro muryar John. Ba haka ba ne. Aikina ke nan a situdiyo, na san ciwon. Kaset ɗin da John ya bari, murya da fiyano duk a layi ɗaya suke, ga kuma gurnanin wutar lantarki a ƙarƙashi. In ka ɗaga murya fiyano ya biyo ta, in ka danne fiyano murya ta nutse. Kamar a ce maka ka tsame sukari daga kunu bayan ya narke. A 1995 babu mai iya wannan. Matar John, Yoko Ono, ta ba Paul kaset-kaset ɗin a 1994, su ukun da suka rage suka zauna da mai tsara sauti Jeff Lynne, suka iya gama "Free as a Bird" da "Real Love", amma ta ukun ta gagare su, suka ajiye.

Abin da ya canza shi ne aikin mai shirya fim Peter Jackson. Da yake haɗa fim ɗin Get Back a kan Beatles, wanda ya fito a 2021, mutanensa suka horar da wata manhaja ta riƙa gane murya daban, jita daban, hayaniya daban, a cikin tsofaffin naɗe-naɗe. Ita aka ɗora wa kaset ɗin John, ta zare muryar tas ta bar fiyanon a gefe. Ba ta ƙara masa ko harafi ɗaya ba. Numfashin da kuke ji nasa ne na ranar nan a ɗakinsa. Wanki aka yi, ba ɗinki ba.

Baba Mai Faifai: Injiniya, na gode, kuma ban taɓa cewa muryar jabu ce ba. Kunnena ya san John. Amma tunda ka ce wanki ne ba ɗinki ba, bari in tambaye ka: ina gaɓar nan ta tsakiya da ke cikin ainihin kaset ɗin, inda John yake laluben kalmomi yana roƙon kada ya rasa wanda yake so? An yanke ta ɗungurungum. A gurbinta aka sa jita mai jan sauti da Paul ya kaɗa yana kwaikwayon salon George. Aka kawo masu goge irin na Turawa a Los Angeles suka cika wurin. Wannan ai almakashi ne da allura. Kuma gaɓar da aka cire ita ce ta fi taɓa ni, don a nan ne kake jin mutum bai gama tunaninsa ba.

Injiniya: Wannan kam gaskiya ne Baba, an cire ta, kuma ni ma na yi kewarta. Sai dai baitin bai cika ba, rabinsa gunguni ne. Ko dai su cike masa kalmomin da bai faɗa ba, ko su cire. A ganina cirewar ta fi kusa da amana.

Malam Mai Nazari: Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Baba, ma'aunin da kuka kafa, wato sai mutum huɗu a ɗaki ɗaya, in muka riƙe shi da ƙarfi zai zubar da waƙoƙin da ku kanku ba za ku yarda a zubar ba. "Yesterday" Paul ne kaɗai da jitarsa da masu goge huɗu, babu sauran ukun. "Within You Without You" George ne da makaɗan Indiya. "The Ballad of John and Yoko" kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe da ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1969 kafin wannan ta zo bayan shekara 54, John da Paul ne kawai suka naɗe ta, Paul ne ma ya buga gangar. Duk da haka ba wanda ya taɓa cewa ba na Beatles ba ne. Tun suna tare, aikinsu na ƙarshe-ƙarshen nan ɗori ne a kan ɗori, wannan ya zo yau ya sa nasa, wancan ya zo gobe.

Baba Mai Faifai: Malam, ka kama ni a nan, kuma na karɓa. To bari in gyara maganata, don abin da ke cina ba zaman ɗaki ba ne, yarda ce. Lokacin da "Yesterday" ta fita, John na da rai, George na da rai. Da ɗayansu ya ce a'a, da ba ta fita da sunan ba. Haka tsarinsu yake, mutum ɗaya ya ƙi, an fasa. Kuma a kan wannan waƙar takamaimai an samu wanda ya ƙi. Paul da bakinsa ya ba da labari cewa George bai so ta ba a 1995, ya kushe ta, shi ya sa aka bari. Sai da mai cewa a'a ya kwanta dama sannan aka ɗauko ta. Shi kuma John, a 1980 ya shiga situdiyo ya yi faifan Double Fantasy, waƙar tana cikin aljihunsa, bai zaɓe ta ba. Mai abu ya ajiye abinsa, abokinsa ya ce a bar shi. Wa ya ba mu izini?

Malam Mai Nazari: Iyalansu suka bayar, Baba. Matar George, Olivia, ta yi bayani cewa abin da ya hana shi a wancan lokacin lalacewar sautin ne, kuma ita da ɗansu Dhani sun tabbata da yana nan da ya shiga aikin. Ɗan John, Sean, shi ma ya sa albarka. Kaset ɗin kuma ba sato shi aka yi ba, Yoko ce ta miƙa shi hannu da hannu.

Baba Mai Faifai: Magada suna gadon dukiya, Malam. Ban san suna gadon ra'ayi ba.

Hajiya Malama: Yaya, ku yi haƙuri in shigo, don maganar nan ta taɓa mini wani wuri. Maigidana, Allah ya jiƙansa, lokacin da yake karatu a waje kaset yake aiko mana maimakon wasiƙa. Guda ɗaya ya rage mini. A ciki yana gaida kowa da suna, har akuyar da muke kiwo sai da ya tambaya, amma akwai fanka a bayansa tana ta ƙara, rabin maganar ba a ji. Shekara da shekaru ina manna kunne a jikin rediyo ina ƙoƙarin tsinto kalma ɗaya da ya faɗa bayan sunana. Da na ji labarin yadda Paul da Ringo suka zauna aka kunna musu muryar abokinsu fes, babu fiyano babu gurnani, bayan shekara arba'in da wani abu da rasuwarsa, ban tsaya tambayar sunan wa za a rubuta a jikin faifan ba. Na san abin da suka ji. Paul ya san John tun 1957, suna samari a Liverpool. Tsoho ɗan shekara 81 ya samu damar yi wa abokin ƙuruciyarsa amshi sau ɗaya tak kafin shi ma a kira shi. Yaya, in ku ne, za ku ƙi?

Baba Mai Faifai: Allah ya jiƙansa da rahama, ƙanwata, ya sa ya huta. A'a, ba zan ƙi ba. Wallahi ba zan ƙi ba. Ban zargi Paul da son kuɗi ba, mutumin da ya fi ƙarfin wannan tun tuni. Amshin nasa halal ne. Sunan da aka liƙa ne nake ja da shi. Da sun rubuta John Lennon tare da abokansa, da ni ne farkon mai saye.

Auta: Amma Baba, da an rubuta haka, da irina ba mu ji ta ba. Sunan ne ya sa ta zagaya duniya har ta ci kambun mawaƙa na Grammy a 2025. Kuma sun haɗa ta a faifai ɗaya da "Love Me Do", waƙarsu ta farko ta 1962, farko da ƙarshe baya da baya. Ni wannan ya yi mini kyau ƙwarai.

Malam Mai Nazari: Akwai inda nake tare da Baba ɗari bisa ɗari, shi ne bidiyon. An ɗauko hotunan John da George suna samari an dasa su kusa da Paul da Ringo da furfurarsu, John yana ta wasa da tsalle-tsalle a kan waƙar da take cike da kewa. Wannan bai zauna mini ba ko kaɗan. A waƙar an tsaya kan abin da mamatan suka yi da kansu. A bidiyon an sa su yin abin da ba su yi ba a wurin da ba su je ba.

Injiniya: Tsorona ni kuma na gaba ne. Wannan karon an yi da tsabta: muryar gaskiya, abokai na gaskiya, iyalai sun yarda, an kuma fito an faɗi yadda aka yi. Amma ina ganin yara a situdiyo suna sa ƙirƙirarriyar basira ta rera sabon baiti da muryar mawaƙin da ya daɗe a ƙasa. Ku ɗauka gobe wani ya fito da waƙa ya ce ta Mamman Shata ce da aka tsinta a ma'ajiyar gidan rediyo. Shata ya rasu tun 1999, ba ya nan balle ya ce ba shi ba ne. In kaset ne na gaske aka wanke, 'yan amshinsa da makaɗan kalangunsa da suka rage suka cika, ni zan karɓa da hannu biyu. In na'ura ce ta ƙaga, sata ce. Matsalar ita ce mai sauraro a waya ba ya iya bambancewa.

Baba Mai Faifai: To ka ga inda nake jin tsoro ke nan, Injiniya, ka faɗa fiye da yadda zan iya. Shi ya sa nake son a tsananta wurin suna tun yanzu, tun abin yana hannun masu amana. Ni dai a kantata, faifan nan ba zai shiga layin Abbey Road da 'yan'uwansa ba. Zan ba shi wuri shi kaɗai a gefe, kusa da "Free as a Bird", kuma zan ci gaba da saurarensa, don inda muryar Paul ta tsufa ta shiga ƙarƙashin ta John da ba ta tsufa ba, nan ne ƙwallar ke zuwa mini kowane lokaci.

Hajiya Malama: Injiniya, ɗana, tambaya nake da ita ba ta muhawara ba. Irin wannan wankin, ana iya yi wa kaset ɗina?

Injiniya: Ana iyawa, Hajiya, ƙarar fanka ma ta fi fiyano sauƙin cirewa. Amma don Allah kada ku ƙara sa shi a rediyo, zaren ya tsufa, in ya naɗe a ciki shi ke nan. Ku sa shi a leda, ku ajiye inda ba zafi ba laima. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da na'urata gida, mu juye shi cikin kwamfuta a gabanku, kaset ɗin ba zai bar hannunku ba.